Jar Rigar Cork

Guangzhou, 3 ga Oktoba

Abbana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, da fatan kana lafiya, kai da Umma. Yaya gwiwar? Ni lafiya lau, kullum ina ofishin Baffa Ma'azu a unguwar Baiyun muna ɗaure kayan Kano.

Na san Baffa ya kai maka ƙarata, shi da bakinsa ba ya riƙe magana. Gaskiya ya faɗa. 'Yan Ireland mazauna garin nan suna buga ƙwallonsu ta hannu da ƙafa duk Asabar, kuma na shiga. Al'adarsu, kowa rigar gundumarsu yake sawa a filin. Na sa ja ta Cork. Wata ta tambaye ni inda na samo ta, ina buɗe baki ta ji harshen unguwarsu, sai ta rungume ni. Yanzu sun zaɓe ni kyaftin a gasar wata mai zuwa.

Baffa ya ce ka ce ba da yawunka ba, ba ni da ƙasa sai Kano. Abba, ban manta shekara goma sha takwas da ka yi kana jan tasi a Cork ba, da wanda ya tofa maka yawu ya ce ka koma gida. Ni ma an faɗa mini. Amma a Cork aka haife ni, kuma a Kano ma 'yar Turai ake ce mini. Ina son Ireland, ina alfahari da ita, ko da tana ɓata mini rai. Ina ƙarama, kai ne fa kake tsayawa cikin ruwan sama bakin fili kana yi mini ihu da Hausa.

In ba ka sa albarka ba, ba zan buga ba. Amma zan yi kuka, ka sani.

'Yarka,
Saffana

Guangzhou, 29 ga Oktoba

Abbana,

Assalamu alaikum. Da fatan duk kuna lafiya.

Mako uku ba ka ce komai ba, har na shaida wa 'yan ƙwallonmu su nemi wata kyaftin. Jiya sai ga Alhaji Sabiru, abokinka na Kantin Kwari, da ƙunshi a hannu. Baffa ya yi ta dariya, wai tunda yake bai taɓa ganin tufafi sun taso daga Kano zuwa Guangzhou ba.

Na buɗe, sai ga jar rigata ta farko, ta lokacin ina 'yar shekara bakwai, a wanke a goge, tana ƙamshin turaren akwatinka. Ashe kai da ka rantse ba ka taho da ko tsinke daga Ireland ba, ita ka ɓoye?

Ko hannuna ba ta shiga yanzu. Zan sa ta a jakata, ran Asabar ni zan shige gaba.

Allah ya ƙara girma. A gaishe da Umma.

'Yarka ta Cork da Kano,
Saffana