Kwalbar Obata a Kan Kanta

Talata, 23 ga Janairu

Chizuru ta sanar da ni cewa ranar Asabar za ta nuna wasan ƙarshe na babbar gasar tanis a mashaya, tunda wata 'yar ƙasarmu ta kai matakin. Tun da ta gaji wurin daga mahaifinta take sauya shi: fitilu masu rataya, kujerun fata, matasa masu turare. Ban taɓa tanka mata ba. Yau kuwa ta ce talabijin ɗin zai hau gurbin kantar da abokan hulɗa ke ajiye kwalabensu kowace da ɗan katako mai sunan mai ita rataye a wuyanta.

"Taka zan mayar ciki, Malam Kurihara. Ta Baba Obata ce ban san yadda zan yi da ita ba."

Na ce mata kwalbar da ba ta ƙare ba ba a sauke ta. Dokar mahaifinta ce, ba tawa ba.

Laraba, 24 ga Janairu

Dusar ƙanƙara. Ban fita ba.

Alhamis, 25 ga Janairu

Abokina Obata ya rasu a bazarar da ta wuce, ya bar kwalbarsa rabi. Shi ne mai son tanis, ni ban taɓa ganin abin sha'awa a ciki ba. A wurinmu mutum ba ya zuba wa kansa abin sha, na kusa da shi ke zuba masa. Shi ke zuba mini, ni in zuba masa. Yanzu sai in zauna da kofi wayam har Chizuru ta lura.

Ta ce an riga an kama kujerun gaba. Na ce to, za su same ni a kan tawa.

Asabar, 27 ga Janairu

Na isa tun da rana na zauna. Chizuru ta dube ni, ta girgiza kai, ta bar kantar yadda take, ta jingina talabijin ɗin a kan akwatuna a ƙasan kantar. Rabin jama'a ba sa gani sosai. Ban ji kunya ba.

Wani saurayi mai rinannen gashi, Ryusei, ya zauna a kujerar Obata. Ihu yake kamar ana ƙwallon ƙafa. Na gaya masa cewa ana yin shiru yayin da ƙwallo ke tafiya.

"Baba, ai 'yar wasan tana wata ƙasa, ba za ta ji mu ba!"

"Ni ina ji."

Suka kwashe da dariya, amma ya yi shirun. Da yarinyar ta faɗi zagayen farko, sai ya lura da kofina. "Haba, tsoho zaune da kofi a bushe? Wacce ce taka?" Kafin in amsa ya miƙe ya ɗauko ta Obata, don su biyun suna jere. Chizuru ta buɗe baki. Na ɗaga mata hannu na tsayar da ita. Har yanzu ban san dalili ba.

Ya riƙe kwalbar da hannu biyu, yadda ya kamata. Wani ya yi masa tarbiyya, duk da gashin. Ladabi ya tilasta in rama, na zuba masa. Ya karanta sunan.

"Wane ne Obata?"

"Mai kujerar da kake kai. Ya fi ka ihu."

Yarinyar ta farfaɗo a zagaye na biyu. A na uku wani ya buga teburi ya yi kururuwa ƙwallo na tsakiyar tafiya. An ce wai ni ne.

Yarinyar ta sha kaye, saura ƙiris ta ci. Kwalbar ta ƙare.

Litinin, 29 ga Janairu

An cire kantar. Ba a karya doka ba, wannan nake so ya tabbata: kwalbar ta ƙare kafin a sauke ta. Ɗan katakon sunan yana aljihuna.

Ryusei ya ce akwai wata gasa a watan gobe. Zan je ne kawai don a samu mai tsawata musu.