Tsakuwa Da Koriyar Kwalba

Ainu Shams, Alƙahira
2 ga Maris, 2014

Zuwa ga Malam,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da mutanen gida, da jama'ar masallaci, da duk mutanen Bichi masu tambayata. Yaya gwiwar taka? Ina fata kana shafa man da na ajiye maka a kan taga, ba ka bar shi yana kallonka ba.

Na rubuto ne maimakon waya saboda na san halinka. A zaure kake ɗauka, kunnen nan naka kuma sai an ɗaga murya, kai ma ka ɗaga, kafin a yi sallama rabin unguwa ta san abin da ke damuna. Ɗanmalam, mai rako marasa lafiya daga Kano zuwa nan, shi zai riƙa kawo maka takarduna, tunda shi kullum ƙafarsa ɗaya tana jirgi.

Mun sauka lafiya. Autanmu Imrana ya rame, karatu ya tsotse shi, amma matarsa Humaira tana iya ƙoƙarinta. Gidansu yana can sama, da ƙafa ake hawa, kuma ka gaya wa masu yabon Misra cewa nan ma ana ɗauke wuta.

An ɗauki hoton cikina. Ciwon kwiɓin nan da na yi ta sha wa sassaƙe, tsakuwa ce a ƙoda. Likita ya ce a ba ta 'yan makonni ko za ta fita da kanta, in ta ƙi sai aiki. Malam, da Imrana ya fassara mini kalmar nan sai Yaya Hawwa ta faɗo mini a rai. Kana wurin lokacin da aka tura Yaya Hawwa ɗakin tiyata tana yi mana dariya, ka kuma ga yadda aka fito da ita. Ni tsoron wuƙa nake, kuma ba zan ɓoye maka ba.

An ba ni ƙwayoyi, an ce in sha ruwa da yawa. Sai maƙwabciyarsu Mahasin, 'yar Sudan amma Bahaushiya, kakanninta ne suka tsaya a hanyar Makka, ta ce ai duk mai tsakuwa a garin nan sha'ir yake sha. Imrana ya tambayi likita, ya ce ba laifi, zai taimaka mini in riƙa zagayawa. Imrana ya sauka ya sayo. Da ya zaro abin daga leda sai da na yi salati. Koriyar kwalba ce mai dogon wuya, yana buɗewa kumfa ya taso. Irin ta gidan nan na bayan tasha ce sak, wanda na tara mata muka yi ta sintiri gidan mai unguwa har aka rufe shi. Yaron ya hau yi mini bayani, wai giya ce amma babu abin maye a cikinta ko kaɗan, wai a kantin jikin masallaci ya saya. Na ce ya ƙara ambaton sunan nan a gabana ya gani.

Na tuna wuƙa, na toshe hanci na kurɓa. Ɗaci kamar an jiƙa maɗaci. Haka nake sha yanzu safe da yamma, ina istigfari kafin da bayan, ko da babu laifi ba a yi asara ba.

Ka gaishe da ƙanenka Ma'azu da iyalinsa. Allah ya bar mu tare.

Maiɗakinka,
A'i

Ainu Shams
14 ga Maris

Zuwa ga Malam,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, ina fata zafin da ya fara shigowa bai hana ka barcin rana ba. Takardarka ta iso. Na gode da addu'o'in, na kuma ga tambayarka guda ɗaya da ka ja wa layi biyu a ƙasa. Ga kwalba ɗaya na naɗe a zani na ba Ɗanmalam, ka karanta Larabcin jikinta da kanka, kai ne malami.

Amma bari in ba ka labari. Mahasin ta same ni ina sha ina yamutsa fuska, ta kama haɓa. Ta ce wane marar imani ne ya fara ni da mai ɗaci? Wai mace sabuwar shiga da masu zaƙi take farawa, a hankali harshe yake sabawa. Washegari da hantsi sai ga ta da faranti cike da kwalabe iri-iri, ta kuma gayyato matan ɗalibai uku, su ma ba su taɓa ɗanɗanawa ba. Na sa Humaira ta rufe taga. Na ce a zuba a kofunan shayi, don idona ya huta da ganin kwalba.

To ga abin da na gano, ko wani zai tambaye ka. Mai tuffa ba shi da maraba da lemon kwalba, na matsorata ne da yara. Mai abarba zaƙinsa ya yi yawa, yana tsaya wa mutum a maƙogwaro. Akwai mai rumman, ja, kyakkyawa a ido, amma duk kyan a ido ya ƙare. Wanda ya shiga raina shi ne mai lemon tsami, don tsamin yana danne ɗacin, ya bar wani ɗan ƙanshi kamar na ƙanzon tuwo. Sai an sha da sanyi, in ya huce ko maƙiyinka ba ka ba shi ba. Kuma karkata kofi ake yi wajen zubawa, in ba haka ba kumfa za ka sha. Ka ga matarka, a tsufanta ta zama gwana.

A cikin matan akwai Rahama, 'yar Maradi. Rabin kofi ta sha, sai ta dafe kai ta ce ɗakin yana juyawa. Ta hau dariya, ta ce a riƙe ta, ta fara ba mu labarin wani saurayinta na da wanda ba wanda ya tambaye ta. Muka tsorata, har na fara tunanin yadda zan fuskanci Allah. Mahasin ta ɗaga kwalbar da aka zuba mata ta duba, ashe mai tuffa ce, wadda jikanta ɗan yaye yake sha da biskit. Nan take Rahama ta warke, ta gyara mayafi, ta roƙe mu don Allah kada maganar saurayin ta fita daga ɗakin. Kai ma ka riƙe amana.

Abin da kawai yake kamawa shi ne gyatsa. Mata shida a ɗaki ɗaya, kowa tana yi tana cewa alhamdu lillahi. Rabon da in yi dariya irin ta ranar tun kafin ciwon nan. Har na gama wunin ban tuna da likita ba.

Tsakuwa dai tana nan, amma ina jin kamar ta ɗan gusa. Ka ci gaba da addu'a.

Taka,
A'i

Ainu Shams
27 ga Maris

Zuwa ga Malam,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya. Mu ma da sauƙi.

Na karanta hukuncinka, na sa Imrana ya sake karanta mini ko idona ne. Ka ce rubutun jikin kwalba bai nuna akwai abin maye ba, amma ba ka san wanda ya rubuta shi ba. Ka ce abin da ake shakka barinsa ake yi. Ka ce ni matar liman ce, in labari ya iso Bichi cewa an ga Hajiya A'i da koriyar kwalba, da wane baki za ka hau mumbari. Shafi biyu ka cika, har da sunayen littattafai, amma ban ga inda ka tambayi kwiɓina ba.

Na daina. Ban taɓa tsallake maganarka ba tun ina yarinya, ba kuma zan fara a ƙasar mutane ba. Sauran kwalaben na ce a mayar wa Mahasin, sai Rahama ta ce ita za ta kai mata. Har yau Mahasin ba ta gan su ba.

Na koma ruwa zalla. Ruwan garin nan warin magani yake, kofi biyu nake sha cikina ya ce ya isa. Imrana yana ta kawo hujjoji daga malamansa, na ce ya ajiye, ba da ni zai yi muhawara ba, da ubansa ne. Mahasin kuma tana ta ce mini ma'alish, wato in yi haƙuri. Su a nan ko mota ce ta taka ka, da kalmar nan za a sallame ka.

Ciwon ya tashi ranar Laraba, har sai da Humaira ta riƙe ni na yi sallah a zaune. Likita ya sa ranar sake hoto, ya ce in an ga tana nan ba sauran jira. Ban sani ba ko sha'ir ɗin nan yana magani ko ba ya yi. Abin da na sani shi ne, lokacin da nake shan sa ina ganin ina yin wani abu da hannuna don kada a yanka ni. Yanzu zaune kawai nake ina jiran rana. Raina ya ɓaci da kai, Malam. Ka kare mumbarinka, ni kuma ka bar ni da wuƙa.

Duk da haka ka riƙa shafa man gwiwar. A gaida gida.

A'i

Ainu Shams
13 ga Afrilu

Zuwa ga Malam,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuh. Gaisuwa ta musamman, da tambayar lafiyar jiki, musamman lafiyar ciki.

Takardarka ta iso, layi uku kacal. Ka ce ka yi bincike, ka janye maganarka, in ci gaba da sha. Ba ka faɗi irin binciken ba. To ka manta wanda ka aika. Ɗanmalam ko takalmi bai gama cirewa ba ya fara ba da labari, yana yi yana share hawayen dariya.

Ya ce ranar da ka karanta takardata ba ka ci tuwo ba. Washegari ka sa ya raka ka Kano, da rawaninka, kwalbar da na aiko tana cikin hannun riga. Kuka yi ta shiga kantunan Kwarori, wato 'yan Lebanon, kana zaro ta kana nunawa, har kuka dace da irinta. A kanti na biyu wai wani tsohon ɗalibinka ya gan ka, ya durƙusa zai gaishe ka, idonsa ya faɗa kan abin da ke hannunka, gaisuwar ta maƙale. Ɗanmalam ya ce ka sayi shida, don a fiƙihu ba a gane abu da kurɓi ɗaya, sai an ga abin da mai yawansa yake yi.

Ya ce da kuka dawo ka kira Ma'azu, ka rufe zaure, ka ba shi makulli. Ka yi masa wasiyya cewa in ya ji ka fara sambatu ya kulle ka ciki, ya je ya ja sallar la'asar, ya ce wa mutane zazzaɓi ne. Sannan ka yi bisimilla ka shanye su ɗaya bayan ɗaya. Bayan kowace kwalba ka tashi ka taka bakin tabarma daga wannan kai zuwa wancan, ka sa Ma'azu ya yi maka tambaya a rabon gado. Wai ba ka kuskure ko ɗaya ba, shi ne ma ya rikice a kason kaka. Ka ja la'asar da kanka, sai dai sahun gaba sun ce ba su taɓa jin liman ya gajarta sallah haka ba, kana sallamewa ka nufi bayan gida da sauri.

Malam, da zafinta ka sha, kuma mai ɗacin! Da ka tambayi masana. Mai tuffa ake fara ba irinku.

Na yi dariya har kwiɓina ya motsa. Da kowa ya watse kuma na shiga ɗaki na yi kuka. Tun kafin a haifi Imrana kake limanci, ko goro ba ka ci a kan hanya don kada a ce. Ka ɗauki wannan sunan ka shiga da shi kasuwa, ka zauna ka sha abin da kai kanka ba ka tabbatar da shi ba, ba ka san ko za ka tashi da hankalinka ba. Maganar da na faɗa maka a takardar baya, ka yafe mini.

Yanzu ga labarin. An sake hoto jiya. Tsakuwa tana nan inda take, ko gezau. Likita ya ce da na sha kogin Nilu duka ba za ta fita ba, ta fi ƙarfin hanyar. Saboda haka ba haninka ne ya jawo ba, kada ka ɗora wa kanka. Ya ce aikin na ɗan lokaci ne, ya zana wa Imrana a takarda, ni dai na kau da kai.

Da can na yi niyyar in aka zo nan zan ce a mayar da ni gida in mutu da tsakuwata. Har na gaya wa Humaira ta fara haɗa mini kaya. Yau da safe na ce ta kwance. Na ce wa Imrana ya je ya sa hannu. In kai ka iya rufe ƙofa ka miƙa makulli saboda ni, ni ma zan iya kwanciya in rufe ido in bar wa Allah sauran.

Gobe da hantsi za su shiga da ni. Kafin takardar nan ta iso hannunka ka riga ka ji yadda aka yi. Tsoron bai tafi duka ba, amma ya ragu har na ci abincin rana na ƙara. Ina so in dawo gida, Malam. Ina so in gan ka.

Ka gaida Ma'azu, ka ce na gode da gadin da ya yi. Allah ya sada mu da alheri.

Matarka,
A'i