Shunin rigata ya ɓata mayafin wata, ana so in sauya rini a ɓoye

Assalamu alaikum Anti Dije. Don Allah ki taimaka mini da shawara kafin in yi abin da zan yi da-na-sani. Ni 'yar Kabara ce, bara na gama karatun zanen sutura, kuma ɗinki na sa a gaba. Akwai wani shagon kayan mata da mai shi take ware wa sababbin masu ɗinki wuri mu rataye kayanmu, kowa da sunanta a jiki. Zan kira ta Hajiya Lami, ko da yake ba sunanta ba ne. Ban taɓa ganin sunana a jikin wani abu ba sai takardar makaranta, kin san yadda na ɗauki wannan wuri.

Dogayen rigunan da nake yi, Malam Isyaku ne yake rina mini yadinsu a marinar Ƙofar Mata. Abokin marigayi mahaifina ne, shi ya sa yake tsoma 'yan ƙyallayena a ramin da manyan 'yan kasuwa suke jira. Daga nan a kai wa masu bugu, su buga yadin da ƙarin shuni har ya yi ƙyallin da mata suke tsayawa su shafa. To shunin nan na sama yana kama jiki. A cikin gari kowa ya sani. Kakata har daɗi take ji in ta ga wuyanta ya yi shuɗi, ta ce ba a cuce ta ba. Bai taɓa zuwa raina sai an gaya wa mutum ba.

Wata ta sayi rigata a shagon ta je walima da farin mayafi, mayafin ya ɓaci. An ce har da kujerar mota, amma wannan ban gani ba, hoton mayafin kawai na gani. Ta sa shi a intanet da sunan shagon, ba nawa ba.

Yanzu Hajiya ta ce in koma galura, rinin kanti da ba ya zuba, amma in ci gaba da liƙa wa rigunan takardar da ta ce rinin Ƙofar Mata ne, tunda masu saye ba sa bambancewa. In ban yarda ba, in kwashe kayana kafin a rataye na Sallah. Abin da yake ƙona mini rai, ita ce ta zaɓi mai ƙyallin da hannunta ta ƙi marar bugu. Yayata ta ce taurin kai nake yi, waye zai kama ni? Amma sunana ne a takardar, kuma Malam Isyaku a rana ɗaya zai gane in ya ga rigar a jikin wata. Ba ni da wani shagon. Yaya zan yi?

Mai Ɗinki daga Kabara

Wa'alaikumus salam, ƙanwata. Kada ki bar takardar nan a jikin rinin galura. Ƙarya ce, kuma ranar da ta fito ke za ta bi, ba shagon ba.

Amma ki yi wa Hajiya adalci. Sunan shagonta ne aka yaɗa, kuma matar nan ba ta yi laifi ba don ba ta tashi a gidan kakarki ba. Hajiya ta zaɓi mai ƙyalli, gaskiya ne, sai dai ke kika san yana kama jiki kika yi shiru. Ki fara da neman lambar matar, ki ba ta haƙuri da bakinki, ki sauya mata mayafi. Wannan zai sanyaya ran Hajiya fiye da duk bayanin da za ki yi mata.

Sannan ki je wurin Malam Isyaku ki gaya masa komai. Ki roƙi yadin da ba a ƙara masa shuni wajen bugu ba, ki wanke shi har ruwan ya fita tas kafin ki yanka. Ƙyalli zai ragu, launi zai zauna. Ki yi wa rigar shafi, wato wani ƙyallen daga ciki, musamman wuya da hannu. Ki ɗinka guda biyu, ki goga musu jiƙaƙƙen farin ƙyalle a gaban Hajiya ta gani da idonta. Yadi mai bugun kuma, in za ki ci gaba da shi, ki rubuta a jikinsa cewa yana kama jiki, kada a haɗa shi da farin kaya. Akwai masu nemansa saboda hakan.

In duk da haka ta ce sai galura, ba haramun ba ne, ki yi, amma a cire sunan Ƙofar Mata. In ta ƙi wannan ma, ki kwashe kayanki cikin girmamawa, ki yi mata godiya. Za ki ji zafi, amma za ki iya bi ta gaban marina ki gaishe da abokin mahaifinki ba tare da kin sunkuyar da kai ba. Allah Ya sa albarka a allurarki, Ya jiƙan Baba.