Tarkacen Da Na Ƙi Gogewa

Laraba, 9 ga Yuli, Manshiya

Faifan ajiyar kwamfutata ya soma gurnani, shi ya sa na je neman SSD mai araha. Mai shagon ya ajiye mini biyu, ya ce, "Ƙaramin ya ishe ka, in ka goge tarkace."

Saura kaɗan in yarda. Sai na tuna tarkacen: bidiyoyin da ƙanwata ta riƙa aiko mini daga Damagaram, marigayiya Inna tana ta faɗa wai na ƙi zuwa gida.

Na ɗauki babban. Sabon takalmin sai ya jira.

Yanzu kwamfutar tana tashi nan take, ba ko ƙara. Shirun ya yi mini yawa, sai na kunna Inna ta yi mini faɗa.