Lugudenki Ya Iso Guangzhou

Zuwa ga mahaifiyata, Hajiya Hajara.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ɗa ga uwa, ga labarin da ban samu kawo miki da bakina ba.

Inna, ranar da zan bar Fagge kin ƙi kallona. Kika ce, "Ƙasar Sin za ta cinye ka, Sule, ko ƙarar turmina ba za ka tuna ba." A kan wannan muka rabu, Allah bai ƙaddara mu sake ganawa ba.

Da jaka ɗaya na sauka garin nan, ba wanda ya riƙe min hannu. Yau ina da sito nawa na kaina a unguwar Sanyuanli, fataken Kano da Maraɗi ni suke nema. Amma ba wannan nake so ki ji ba.

A saman sitona akwai wasu samari 'yan Sin masu dogon gashi, da jita da ganguna. Kiɗansu kamar ana jifan kwanon rufi, gidan rediyo ma ba ya kula su. Na sha hawa in yi musu faɗa.

Ashe in ina danne dilar kaya kafin ɗauri, hannuna lugudenki yake yi: duka, duka, duka, sai in ɗaga in tafa, yadda kike cilla taɓarya sama ki tafa ki cafe. Wallahi ban san ina yi ba. Wata rana da hantsi mai gangarsu, Lin, ya tsaya a ƙofa ya tambaye ni dalilin ɗan shirun nan kafin tafi. Da guntun Turancina da nasa na gaya masa shirun na lokacin da taɓarya take sama ne. Na kwatanta masa ke a tsakar gida, da gero a turmi. Sai ya ba ni nasa labarin. Shi ma tasa uwar tana ƙauye, rabonsa da ita tun shigowarsa birni.

Waƙar da suka ɗora a kan dukan nan ita ta fito da su. Yanzu ba shagon kaset da ba a jin ta. 'Yan makaranta na cewa ta soyayya ce, wai shirun zuciyar saurayi ce ta tsaya. Ƙyale su. Lin ya ce min ta 'yan cirani ce, waɗanda suka bar iyaye mata a gida.

'Yan uwa fatake sun sa ni gaba, wai a sayo wa Alhaji kalangu. Na ce kiɗan ba nawa ba ne, mai shi tana kwance a Kano.

Jiya a tasi, kan titin Huanshi, aka sa waƙar a rediyo. Da aka zo shirun, direban ya saki sitiyari ya tafa. Inna, daidai inda kike tafawa. Na juya fuskata wajen taga.

Ban manta ba, Innata. Ga gari guda yana taya ni tunawa.

Allah Ya jiƙan ki, Ya yalwata makwancinki, Ya hutar da hannuwan nan a Aljanna.

Ɗanki,
Sule