Cibiyar Eustace a Ƙetaren Kogi

Alhamis, 3 ga Maris, 1938

’Yata Verlene ta sauka lafiya. Namiji! Na yi jika! Na fita titi ba hula ina gaya wa har waɗanda ba mu shiri. Da hannuna nake rubuta wannan, ni da na koyi baƙi a makarantar yamma da furfura a kaina. Uwarta Ismay ce kawai ba ta ji ba. Matata tana can ƙetaren kogin Berbice, a asibitin masu taɓin hankali, tun kafin auren ’yar nan tamu.

Alhamis, 10 ga Maris

Sunansa Eustace. Cibiya ta faɗi. A gidanmu kaka mace ce ke binne ta, ta dasa kwakwa a kai, don duk inda yaro ya je a duniya ya dawo wurin. Verlene ta ce, "Baba, kai ka binne a bayan gida mana." Na ce to. Na ƙulle ta a ƙyalle, na kasa. Ba aikina ba ne.

Lahadi, 13 ga Maris

Na hau jirgin fito da gurasar rogo, da ƙullin, da dashen kwakwa. Niyyata Ismay ta shafa musu albarka kawai in dawo da su.

Sun sake aske mata kai. Kallon baƙo ta yi mini, har na kwance ƙyallen. Sai ta ce, "Cuthbert, tsohon banza, wa ya haihu?" Rabon da ta kira sunana har na manta.

Kafin in ankara ta durƙusa a gindin katanga tana haƙa da cokali. Na yunƙura, Adina mai kula da majinyata ta riƙe ni. "Ƙyale ta, Baba. Tun da ta zo ban ga ta yi abu don kanta ba."

Ta binne. Ta dasa. Na yi ta dariya a jirgi kamar ni ne majinyacin.

Litinin, 14 ga Maris

Verlene ta yi kuka. "A gidan mahaukata, Baba? Can kake so ɗana ya ƙare?" Wallahi ban yi wannan tunanin ba. Ta ce in tono.

Lahadi, 20 ga Maris

Na je da ƙaramar fartanya a buhu. Na tarar Ismay ta kewaye dashen da duwatsu, tana ba shi rabin ruwan shanta. Ta ce, "Yaya angon nawa? Ya fi ka kyau ko?" Na dawo da fartanyar ko ƙasa ba ta taɓa ba.

Laraba, 6 ga Afrilu

Likita ya ce ta samu sauƙi sosai, a gwada ta a gida. Abin da nake roƙo shekara da shekaru. Na wanke labule, na gyara matakala. Ko abinci na kasa ci.

Lahadi, 10 ga Afrilu

Ta ƙi.

"In tafi wa zai ba shi ruwa? Akuyar mai gadi ta cinye mini jika?" Na ce mu cire mu tafi da shi. Ta dube ni kamar ni ne ba ni da hankali. "Ana tashin cibiya ne? Sai ya yi ’ya’ya tukuna."

Kwakwa kuwa ba ta gaggawa. Ni ma na san shekaruna.

Lahadi, 1 ga Mayu

Na kai mata kujerarta mai lilo. Masu jirgi suka yi ta tsiya, wai kaka zai yi sabon aure. Na ajiye ta a inuwar katanga. Don kafin ta dawo ne kawai, ƙasan wurin da sanyi.

Na tambayi Adina ko za su bar ni in kawo tawa.