Wa Ya Hau Rufin Ɗakina

Daga ƙauyen Hokade, farkon damina

Baban Nashi,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya a gandun roba. Ni ce matarka Namu nake faɗa, Malam Kuwang, sabon malamin da aka turo mana, yake rubutawa. Ka ga na huta da jiran baƙo mai alƙalami ya ratso dajin nan.

Ruwa ya sauka da ƙarfi. Matsattsaku sun cika hanyar gona, sai na shafa taba da gishiri a ƙafa nake fita. Giwaye sun shiga masarar ƙanenka sun bar masa kara. Tamu tana nan, ina buga gora ina korarsu. Iska ta ɗebe rabin rufin ɗakinmu, Malam ya hau ya ɗaure, ya zamo sau ɗaya, aka yi ta yi masa dariya. Nashi ta shiga makaranta, har tana rubuta sunanta a toka.

Har yanzu idan zan zuba shinkafa kwano uku nake ɗaukowa, sai in mayar da ɗaya. Ka dawo kafin girbi. Ka huta lafiya.

Namu

*

Daga gandun roba

Uwar Nashi,

Ina gaishe ki da yarinya. Na karanta takardarki har ta fara yagewa, kuma abu ɗaya nake gani, ƙato a kan rufina. Ƙanena ya mutu ne? Kawu ba shi da hannu?

Jale mai alfadarai ya sauko da ganyen shayi, ya ce ya ga malamin a gefen murhuna yana cin tsiron gora, kina ƙara masa. Ya ce fari ne, da agogo, hannunsa kamar na jariri. Nawa kuwa kin san yadda wuƙar roba ta mayar da su.

Maganar kwano uku ma ba taki ba ce. Tun da na aure ki ban taɓa jin irinta a bakinki ba, daga "ka ci" sai "ka tashi". Shi ya shirya ta yana kallonki? Ni da na yi soja na koyi rubutu don in riƙa aiko miki da magana, ashe sai ta bi ta bakin wani kafin ta shiga kunnenki. Kai kuma Malam, na san kai ke karanta mata wannan. Ka karanta da kyau, ka fita daga gidana.

Sai na ji daga gare ki.

Jado

*

Daga Hokade

Baban Nashi,

Muna gaishe ka, tunda gaisuwa dole ce. Malam ya so ya tsallake rabin takardarka, na ce ya karanta duka. Yanzu ma na ce ya rubuta yadda na faɗa, kada ya gyara. Kunnuwansa sun yi ja kamar barkono.

Malam gida-gida yake cin abinci, haka dattawa suka tsara. Ranar da Jale ya gani ranarmu ce. Jale bai faɗa maka ƙanenka yana kwance da zazzaɓi lokacin da rufin ya tashi ba? Ruwa yana zuba a kan 'yarka, sai in jira ka hawo daga gandu ka ba da izini?

Maganar kwano tawa ce. Ban taɓa faɗa maka a fuska ba don kunya nake ji, a takarda kuma ba ka kallona. Yanzu na yi da-na-sani. In rabuwa kake so, ka san al'ada: ka zo ka yanka alade ka ciyar da gari. In ba haka ba, daga gidan wa kake cewa ya fita? Tunda ka hana shi, babu mai rubuta mini. Wannan ce ta ƙarshe.

Namu

*

Daga gandun roba, tsakiyar damina

Uwar Nashi,

Ina gaisuwa. Wata biyu ke nan shiru. Jale ma ya daina saukowa, an ce ruwa ya tafi da gadar gora. Na ba wani maharbi wannan takardar da yadi mai shuɗi, ki yi riga.

Na aika wa Kawu ya kai maganar malamin gaban dattawa. Ban ce na kama ku da komai ba, na dai ce hankalina bai kwanta ba. Na ji sun sallame shi. To shi ke nan, magana ta wuce. Ki nemi ko wane ne ya rubuto mini layi biyu. Ina yankar itace ina tunanin wa ke zaune a gefen murhun, har na ɓata bishiyoyi an yi mini faɗa. Ko yana nan bai tafi ba?

Mijinki, Jado

*

Daga garin gindin dutse

Zuwa ga Jado,

Bayan gaisuwa da girmamawa. Ni ne Kuwang. Matarka ta hana ni rubuto maka, amma kai uba ne.

Dattawa sun ce in tafi, sai ruwa ya tsare ni. Ana cikin haka zazzaɓi ya kama Nashi, ta fara fizge-fizge, ganyen da aka dafa bai yi komai ba. Ni da ƙanenka muka yi makara da gora muka ɗauko ta. Muka zagaya ta kan tudu saboda babu gada, kwana biyu a daji. Namu ba ta zauna ba ko sau ɗaya, tana tafe tana cire wa yarinyar matsattsaku. A hanya Nashi ta yi ta kiranka. Uwarta ta ce mata kana zuwa, alhali ba ta da hanyar sanar da kai. Yanzu suna asibitin nan, likita ya ce za ta tashi, amma kunnenta na hagu ƙila ba zai dawo ba.

Ka tambaya ko ni na shirya maganar kwano. Ba ni ba ne. Da ta faɗa sai da na ajiye alƙalami. Shekarata talatin da huɗu, babu wadda ta taɓa ɗauko kwano domina ta mayar. Na yi kishinka a ranar, har yau ina yi. Ita ba ta sani ba, ba ta taɓa kallona fiye da yadda take kallon alƙalamin ba.

An tura ni wani ƙauye. Yaran Hokade ba su da malami, kuma ba na jin za a sake turo wani da wuri. Ka huta lafiya.

Kuwang

*

Daga asibiti

Baban Nashi,

Muna gaishe ka. Nashi ta sha kunun shinkafa jiya. An faɗa mini ka zo har bakin ƙofar asibiti ka tsaya, ni na ce kada a shigo da kai tukuna.

Na samu aikin wankin zannuwa a nan, Nashi za ta shiga makarantar gari. Masara ta nuna, ka hau ka girbe kafin giwaye su riga ka. Ka tara dattawa ka faɗa musu da bakinka abin da ka yi. Iyayen yaran nan su ji, sannan mu ga ko zan hawo.

Mai rubuta wannan tsohuwa ce mai shara a nan, jikokinta shida, ba ta da agogo. In ita ma hankalinka bai kwanta da ita ba, ka aika wa Kawu.

Namu